Tsohuwar Kampamar Garinmu

Na yi shekaru ina zanen gine-gine a Yamai kafin garinmu ya neme ni da aiki. Na zana benayen 'yan kasuwa, na zana lakwal, wato makaranta, da ɗakunan shan magani, amma a gida, can tsakanin Keita da Buza, ba wanda ya san takamaiman abin da nake yi. Mahaifiyata in an tambaye ta sai ta ce magini ne, amma irin wanda ba ya taɓa laka.

Wanda ya kira ni magajin garinmu ne, kuma taubashina, ɗan ƙanwar babana. Tun muna lakwal ba ma haɗuwa ba tsiya.

"Kai maginin takarda," in ji shi a waya, "taho gida. Muna son mu kada tsohuwar kampama mu yi zauren taro na zamani. Kai za ka zana muna shi."

Kampamar nan masaukin baƙi ce ta zamanin Nasara, a bakin kasuwa, an gina ta da jan dutse da laka. Kakanninmu ne suka ɗauko duwatsunta a ka daga tudun bayan gari, aikin tilas. Tun da na yi wayo a rufe take, jemagu da akuyoyi ne masu gida.

Na iso tsakiyar bazara. Niyyata in auna ta cikin awa guda, in san motar kamiyo nawa za ta kwashe ɓaraguzanta. Da na tura ƙofar na shiga, sai na ji sanyi kamar na leƙa cikin randa. Na tsaya idona ya saba da duhu. Bangon ya fi tsawon hannuna kauri. Rufin ɗaurin guga ne, bakuna huɗu sun taso daga bango sun haɗu a sama, ga 'yan tagogi can bisa suna kallon juna, iska na ratsawa. Ɓarnar da na gani guda ce: tsaga a kusurwar gabas, inda indararo ya faɗi ruwa ya riƙa bin bango. Awa gudan nan ta zama kwana uku ina zane.

Da na gaya wa taubashina kada a rushe, dariya ya yi har da buga tebur.

"Mun aike ka karatu ka dawo muna da laka? To ka hwaɗa ma konseye da bakinka."

Aka kira taron konseye, wato wakilan gari, a meri, ofishin magajin gari, bayan azahar. Rufin tol ne, wato kwano, kuma ba a jima da zama ba kuran, wato lantarki, ya ɗauke, bantilater mai ba mu iska ta tsaya. Kowa ya cire hula yana fifita da ita. Na ga ba mai sauraro na, sai na roƙi su taka zuwa kampama in nuna musu tsagar da idonsu. Da ma na sa an share an shimfiɗa tabarmi.

Muka zauna, na buɗe takarduna na shiga bayani, yadda bango mai kauri ke riƙe zafi, yadda iska ke fita ta sama. Ina ta zuba, ina jin daɗin shirun da aka yi mini. Da na ɗago kai sai na tarar rabinsu sun yi barci. Taubashina ya jingina da ginshiƙi, baki buɗe, yana minshari.

Wani dattijo a cikinsu, manomin albasa mai kaifin baki, bai rintsa ba. Shi ne ya fi kowa son a rushe.

"Ɗana," ya ce, "ubana ya ɗauki duwatsun ga da bulala bisa bayanshi. Kullum na wuce nan sai na tuna."

Na naɗe takarduna. Karatuna bai kai nan ba. Dattijon ya ɗan jima yana kallon rufin, ya shafa bangon da tafin hannu, sannan ya ce:

"Amma Nasara bai ɗauki ko guda ba. Ashe tamu ta. A bar ta."

Aka tayar da masu barci suka ɗaga hannu. Taubashina har yau yana rantsuwa idonsa biyu, tunani yake yi.

Saura mai gyara. Maginan garinmu duk sun koma bulo da siminti, kuma da yawansu suna ci-rani. Aka yi mini kwatancen wani tsohon magini a wani ƙauye wajen Garhanga. Na same shi bisa tsani yana yaɓe rumbun maƙwabcinsa, tsoho siriri, gemu fari fat. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni.

"Bari in gama wanga," ya ce, "hatsin mutane ba ya jira."

Na zauna a gindin aduwa har la'asar.

Washegari da muka iso, na kai shi kai tsaye wurin tsagar. Ko kallo biyu bai yi mata ba. Ya ɗauki sandarsa ya riƙa zagaya ɗakin yana ƙwanƙwasa bango da azarar rufi, yana karkata kunne. A kusurwar yamma, inda ni na rubuta lafiya lau, ya tsaya.

"Ciwon na nan. Waccan tsaga ƙaiƙayi ta."

"Baba, na auna wurin nan sau biyu."

"Ka auna, ba ka tambaye shi ba."

Ya sa aka ɓare yaɓen. Gara ta cinye azara uku, sun zama kamar ɓawon gyaɗa. Damina ɗaya ko biyu da rufin ya sauko. Na ji kunya, amma tsohon bai ƙara tayar da zancen ba.

Wata biyu muka yi tare. Ƙasar da na zaɓa ya ɗanɗana ta a harshe ya tofar, ya ce yashi ya yi mata yawa, ya kai mu wani kududdufi bayan gari. Fulanin da ke mashekari kusa suka ba mu kashin shanu, aka kwaɓa da ƙaiƙayin gero aka bar shi ya ruɓa. Na cire takalmi na shiga kwaɓin, mutanen kasuwa suka taru kallo. Aka je aka gaya wa mahaifiyata, ta yafa mayafi ta zo ta gani da idonta, ta yi guɗa.

Ni ma na kawo nawa. Na zana magudanar dutse kewaye da gindin bango don ruwa ya yi nesa da shi, na sa raga a tagogi saboda jemagu. Tsohon ya bi magudanar da ƙafa daga farko har ƙarshe, ya zuba bokitin ruwa ya ga inda ya bi.

"Wanga dubara ta yi," ya ce. "Ashe ana koya muku wani abu can."

Ban taɓa samun takardar yabo da ta kai wannan daɗi ba. Daga aikin nan ne aka fara kira na garuruwa, Tamaske, Azarori, wajen Madawa, duba tsofaffin masallatai da zaurukan da ruwa ya fara ci. Benayen Yamai na bar wa abokan aikina.

Bara na biyo ta gida na leƙa kampama. Mata masu koyon ɗinki ke zama ciki da safe, kekuna na ta ƙara. Malamarsu baƙuwa ce a garin, ba ta san ni ba. Ta ce in cire takalmi, ta zagaya da ni tana nuna mini bakunan rufi, ta ba ni labarin yadda wani ɗan Yamai mai takardu ya zo zai rushe ginin, magajin gari ya tsaya tsayin daka ya hana shi.

"Wa ya ba ki labarin nan, malama?"

"Shi magajin garin da kanshi."

Na yi mata godiya, na sa takalmina na nufi meri.