Lofen Baba Ɗalha

A unguwarmu ta Dukawuya ba wanda yake ce masa saksafon. Lofen Baba Ɗalha ake cewa, don ya lanƙwashe kamar lofen taba, sai dai tsawonsa ya kai daga haɓar mutum zuwa cinya. Ni baduku ne, sunana Ilu, kuma ni nake yanka masa fatar da ke toshe ramukan abin, shi ya sa na san shi ciki da waje.

Baba Ɗalha ya fara busa ne a badujalar 'yan doka tun yana saurayi. Daga nan ya zarce gidajen rawa na Sabon Gari, inda wani tsohon mabushi ɗan Gana ya bar masa wannan ƙaho da zai koma gida. Irin wanda suke kira tena ne, mai muryar babban mutum, ƙirar Faransa tun kafin a ba mu mulkin kai. Kai, ka ga aiki! An zana furanni da hannu a bakinsa, ganye bayan ganye. Tagullar ta yi duhu kamar zumar da ta daɗe a tulu, kuma ya hana kowa ya goge ta, wai a nan muryar take kwana. Inda yatsu ke sauka akwai wasu 'yan fararen maɓallai na ɓawon kifin teku, kowanne ya loɓa daidai kan yatsansa.

Mutum ne mai tsiya a kan abinsa. In na kawo fatar akuya da na sha wahalar fefewa, sai ya ɗaga ta a rana, ya yatsine fuska.

"Ilu, takalmi na ce ka yi mini? Koma ka rage kauri."

In koma ina ƙunƙuni. Amma ranar da fatar ta zauna daidai ya busa, wallahi har cikin haƙarƙarina nake jin abin.

Ya tuba da gidan rawa tun kafin a haifi jikokinsa, ya kama sayar da goro a bakin Kasuwar Kurmi, ba ya rasa sahun farko a masallaci. Amma mutanen birni ba sa mantuwa. Ɗansa Nu'uman ya tashi yara suna ce masa ɗan mai busa, ya riƙe abin a rai har ya zama Alhaji mai shagon yadi. In ana hirar mahaifinsa sai ka ga ya duba agogo.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon. Baki ya karkace, magana ta tafi, hannun dama ya mutu. Hannun hagu kaɗai ya rage masa, da lofen. Kullum da hantsi jikarsa Zaituna, 'yar Nu'uman, takan ɗora masa shi a cinya a soro. Ba ya iya busawa. Yatsu kawai yake dannawa, fatun suna faɗawa kan ramuka, ɓaf, ɓaf, ɓaf, a hankali. Da wannan yake gaisawa da ni, da shi yake kiran Zaituna, da shi yake nuna fushi in kunu ya huce. Duk maganar da ta rage masa a duniya ke nan.

Da aka zo neman auren Zaituna, yaron ɗan gidan malamai ne daga wajen Ƙofar Mazugal, kuma suna son juna. Kun dai san al'ada, dangin miji sai sun yi bincike, su ji asali, su ji sana'ar kaka da kakanni. Kuma dole manya su shigo soro su gai da dattijon gida. Nu'uman ya riga ya gaya musu mahaifinsa tsohon ɗan kasuwar goro ne, bai ƙara komai a kai ba.

Ina zaune ya shigo, ya durƙusa kamar mutumin kirki.

"Baba, kawo lofen a kai maka shi gyara. Akwai wani gwani a Legas."

Tsohon ya rungume abin da hannunsa ɗaya. Nu'uman ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana murmushi, yana cewa, "Haba Baba, kwana nawa ne?"

Na ce, "Alhaji, gyaran me? Ni na sa fatar nan, lafiyarta ƙalau."

Ya ce, "Malam Ilu, maganar gida ce."

Daga ranar Baba Ɗalha ya koma kallon ƙofa. Duk wanda ya yi sallama, hannunsa yake fara dubawa. Zaituna ta yarda da zancen Legas, tana ta ba shi haƙuri, tana cewa an kusa. Ni kuwa raina bai kwanta ba. Na bi masu tsofaffin kaya na Kurmi rumfa rumfa, ko an kai musu. A ƙarshe a maƙerar Ashafa, mai zubin tagulla, na ga wani ɓallin ƙarfe a ƙasa an daddake shi, da rabin fure a jiki.

Innalillahi! Furen bakin lofen ne.

Ashafa ya ce, "Ni ma na ce wa Alhaji Nu'uman wannan ba kayan wuta ba ne, masu nemansa suna nan har ƙasar waje. Ya ce shi ba zai sayar wa wani da zunubi ba, a narka. A gabansa na sa guduma. Mundaye na zuba da shi, sun ma tafi."

"Maɓallan fa?"

"Ba sa narkewa. Na ƙulle masa a leda ya tafi da su."

Na rasa bakin da zan gaya wa tsohon. Kullum in na shiga ya dubi hannuna, in ce masa Legas da nisa. Tir da wannan aiki da Nu'uman ya sa ni.

Ranar ɗaurin aure aka yi wa Baba Ɗalha wanka, aka sa masa sabon farin kaftani, aka jingine shi da matashi a soro. Ina shiga Nu'uman ya ja ni gefe, fuskarsa fal fara'a.

"Malam Ilu, dubi wuyan rigar. Na sa tela ya huda su ya ɗinka masa. Kada a ce na raba shi da abinsa gaba ɗaya."

Su ne. Fararen maɓallan nan, a jere daga wuya zuwa ƙirji. Don Allah wane irin mutum ne zai yi wannan, har ya zaci alheri ya yi?

Tsohon bai lura ba sai da hannunsa ya kai ƙirji zai gyara riga. Yatsansa ya faɗa cikin loɓar da shi da kansa ya yi a shekaru hamsin. Ya tsaya cak. Ya shafa na biyu, ya shafa na uku. Sai ya ɗago ya dube ni, ni kuwa na dubi tabarma. Daga ranar bai ƙara kallon ƙofa ba.

Dangin ango suka shigo da manyan riguna, suka zazzauna. Baba Ɗalha bai san suna yi ba. Yatsunsa na hawa da sauka a kan ƙirjinsa, hawaye na bin gefen bakin da ya karkace, ba abin da ke fita ko ɓaf ɗaya. Na san waƙar da yake dannawa, wadda yake kiran Zaituna da ita ce.

Babban wan mahaifin ango ya girgiza kai cike da sha'awa.

"Allahu akbar. Ku dubi bawan Allah, ko carbi babu, yana ta tasbihi har da kuka. Alhaji Nu'uman, kun yi dacen uba."

Nu'uman ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ai haka yake wuni."

Aka shafa fatiha, aka raba goro da alawa.