Giɓin da Arzika Ke Bari

Shafi'u ɗan tasha ne, kuma bai taɓa musun hakan ba. Mahaifinsa, Arzika, ya shekara talatin yana lodin motocin Tebaram a Tawa, Shafi'u ya taso yana kallo. Abin da ya ɗauka a nan shi ne, barin wuri ba komai abin kunya ne. Har ya girma ya zama mai gyaran kwamfutocin wani ofis, ko firji ya buɗe sai ya matse kwanoni.

Burinsa ɗaya ne, sunansa ya shiga jerin masu gina wata kwamfaila ta kyauta, wato manhajar da ke juya rubutun masu tsara manhaja zuwa abin da na'ura ke ganewa. Ya ɗauki aikin koya mata jera bayanai a ƙwaƙwalwar katin hoto, ɓangaren kwamfuta mai zana hotuna, alhali ko katin bai mallaka ba. Tsohuwar kwamfutarsa ko bidiyo aka kunna mata sai ta hau huci. Da ya ga tsarin yana barin giɓi tsakanin bayanai, sai jinin tasha ya motsa. Wata uku yana cushe giɓin nan, har yana tausaya wa mutanen da ba su san lodi ba.

Tina, mai duba aikin daga wata ƙasa, ta gwada a kati na gaske. Ta rubuto cikin ladabi cewa komai ya tsaya cak, don katin ba ya ɗaukar bayani sai daga gurbin da aka tsara masa, giɓin kuwa shi ke sa kowane ya faɗa gurbinsa. In bai gyara ba, za a ba wani. Kunya ta kama shi.

Ya ba mahaifin nasa labari yana yi wa kansa dariya, wai gadon lodi ne ya ja masa. Arzika ko murmushi bai yi ba.

"Kak ka laƙa mini," in ji shi. "Ka taɓa ganin na haɗa tulu da tulu? Kai abin da nis sa kak kalla, ba ka kalli wurin da nib bari ba."

Shafi'u ya mayar da giɓin ɗaya bayan ɗaya, ya rushe aikin wata uku da hannunsa, aka karɓa. Da ya kai wa mahaifin jerin sunayen a waya, Arzika da bai yi lakwal ba, wato boko, ya ce a karanta masa. Shafi'u ya karanta: Shafi'u Arzika. Tsohon ya ce sun yi daidai da suka sa nasa sunan, tunda gyaran nasa ne.