Injin da Na Sa Yayana Ya Ɗauko

Yayana maferin ƙarfe ne a Gwarzo, shagonsa na bakin hanyar da ta nufi Unguwar Tudu. Tun ina firamare nake ganinsa tsaye gaban tsohon injinsa na hannu, yana fere wa manoma sandar injin ban ruwa, da gidan boris na injin niƙa, da duk wani ƙarfe da ya cinye ba a samun sabonsa a kasuwa. Ni kuwa lantarki na karanta. Na yi aiki a wata masana'anta a Kano har ranar da aka rufe ta.

A masana'antar akwai wani injin fere ƙarfe mai kwamfuta. Ba ni nake kula da shi ba, amma kullum ta gabansa nake wucewa, ina ganin yadda ake rubuta masa awo a danna maɓalli, ya yi ta fitar da abu iri ɗaya hannun mutum bai taɓa ba. Bayan ya daɗe a kulle sai na ji za a ba 'yan gwangwan su farfasa shi. Washegari na hau mota na taho gida.

Na ce, "Yaya, aikin da kake kwana biyu a kansa, wannan kafin ka dawo daga sallar la'asar ya gama."

Ya ce, "To wa zai riƙa yi masa magana? Ni ban san kwamfuta ba."

"Ni zan tayar da shi in koya maka. Wata ɗaya ya ishe ni."

Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma, sannan ya ce shagon ba zai ɗauki inji biyu ba. Na gane abin da yake nufi. Cikin mako guda ya sayar da tsohon injinsa ga wani mutumin Kabo da ya taɓa koyon aiki a wurinsa, ya sayi na masana'antar aka kawo shi a bayan babbar mota. Sai da aka cire ƙofar shagon kafin ya shiga.

Da na haɗa shi da janareto, fuskar kwamfutar ta kawo haske, amma babu komai a kanta. Akwai ɗan batir a ciki da ke riƙe lambobin saitin injin, ya mutu tun yana kulle, lambobin sun tafi da shi. Na yi kwanaki ina lallaɓa ta, ta ƙi. Daga ƙarshe na cire ta na sa kwamfutar ofis, na yi odar katin da zai shiga tsakaninta da motocin lantarkin da ke jikin injin. Katin ya yi makonni a hanya. Kafin ya iso wata ɗayan da na yi alkawari ya wuce, damina ta sauka.

Motoci biyu ne ke tafiyar da wuƙar injin, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sarbo ake ce musu. Kowanne yana da wani ɗan abu a bayansa mai suna inkoda, shi ke ƙirga juyinsa ya gaya wa kwamfuta inda wuƙar take. Aikina shi ne in nemo lambobin da za su sa moto ya amsa umarni daidai. In na ɗaga lamba, sai ya kama kuka yana karkarwa, har sifanar da na ajiye a kan murfi ta yi ta tafiya ta faɗo ƙasa. In na sauke, sai ya yi nauyi, ya riƙa zuwa a makare, kwamfuta ta ga an bar ta a baya ta yanke wuta. Lambobin uku ne ga kowane moto, kuma in ka taɓa ɗaya sauran biyun sun tashi daga inda ka bar su. Na cika littafi guda da abin da na gwada.

Duk wannan lokacin Yaya yana zaune a benci a ƙofar shago. Manomi zai zo da ƙarfensa a ɗaure a bayan babur, su gaisa, a tambayi gida da yara da ruwan bana da lafiyar dabbobi, sannan Yaya ya karɓi ƙarfen ya juya shi a hannu, ya faɗi abin da ke damunsa, ya ce, "Kai shi Kabo, ka ce ni na aiko ka." Ina jin su daga ciki. Bai taɓa leƙowa ya tambaye ni saura kwana nawa ba.

Wani tsohon abokin aikina ya gaya mini cewa dattijon da ya kafa injin a masana'anta tun farko yana raye, ya koma garinsu a Gammo. Na je ranar wata Asabar da hantsi. Na same shi a zaure a kan tabarma, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa tana fita a hankali. Bayan mun gaisa na gaya masa abin da ya kawo ni. Da ya ji sunan injin sai fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Yana nan da rai?"

"Yana nan, Baba. Lambobinsa nake nema."

Ya rufe ido ya fara faɗar wata lamba, ya tsaya, ya sake wata, ya girgiza kai. Ya ce duk ya rubuta su a wani littafi mai baƙin bango. Aka aika cikin gida, matarsa ta aiko da amsa cewa gara ta cinye akwatin takardunsa shekarar da ɗakin ya yi yoyo. Can sai ya ce in samu doguwar sukundireba, in ɗora bakinta a jikin moto, in kara ƙotar a kunnena. Ya ce kafin ido ya ga karkarwa kunne ya riga ya ji ta, in na ji ta fara in sauke lambar kaɗan in tsaya. Da zan tafi ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ce in injin ya tashi in ɗauko masa muryarsa a waya ya ji.

Dabararsa ta yi aiki. Cikin kwana goma motocin biyu suka daina kuka, suna tafiya sumul. Sai wata matsalar ta fito. Injin zai yi awa guda lafiya, sai wuƙar ta yi tsalle ta ci ƙarfe inda ba a ce ba. Na canja kati zuwa wani rami a cikin kwamfutar, na sake ɗaure kowace waya, na zargi janareto. Wata rana ina tsaye na ga hasken walda ya haska bango daga shagon maƙwabcinmu, a daidai lokacin wuƙar ta zabura. Na roƙe shi ya sake kunnawa, ta sake zabura. Wutar waldarsa ce ke shiga wayar inkoda tana ƙara ƙirgen da babu shi. Na raba wayoyin inkoda da na wuta, na naɗe su, na kafa sandar ƙarfe a bayan shago na zuba gishiri da gawayi da ruwa, na ɗaure jikin injin da ita don baƙuwar wutar ta riƙa bi ta ƙasa.

Kwana uku yana aiki ba tsalle. Na fere ƙananan ƙarafa shida, Yaya ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a tafin hannunsa yana kallo. Ya ce, "Kamar tagwaye." Ranar ce kaɗai ya tsaya kusa da ni ya ce in nuna masa maɓallin tsayarwa.

Lokacin an fara noman rani. Wani manomi daga Kara, tsohon abokin hulɗar Yaya, ya kawo sandar injin ban ruwansa, tumatirinsa ya kwana biyu bai sha ba. Yaya ya dube ni, na ce mu yi. Na rubuta awon, na duba sau uku, na danna. Wuƙar ta yi yanka na farko lafiya, ta yi na biyu. A na uku moton da ke kwance ya kwasa da dukkan ƙarfinsa ya kai wuƙar cikin bakin injin da ke riƙe da ƙarfen yana juyawa. Ƙarar ta sa mutanen titi suka taru. Yaya ne ya kai hannu ga maɓallin, ni ina tsaye ban motsa ba. Sandar manomin ta rabe biyu, dogon sukurun da ke jan wuƙar ya lanƙwashe, akwatin da ke ba moton wuta yana hayaƙi.

Manomin ya tsuguna ya tsince guntayen, ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Yaya ya ɗauke shi a babur suka tafi Kabo, ya fere masa wata da hannunsa a tsohon injinsa. Manomin bai sake zuwa shagonmu ba, ko da yake har yau yana gaishe ni in mun haɗu a kasuwa.

Na zaga Kano ina neman sukurun, duk wanda na nuna wa awonsa sai ya ce an daina yin irinsa. Na sa an miƙar da wanda ya lanƙwashe, amma in ya juya ana ganin yana lilo. Akwatin wutar ma na samo wani na daban, bai yarda da moton ba. Dattijon Gammo ya rasu kafin azumi, ban koma wurinsa ba. Yaya ya koma gonar gidanmu, in aiki ya yi yawa a Kabo a kira shi ya je ya taimaka. Ni ina gyaran fanka da fitilun sola a gaban shagon, injin yana bayana a rufe da tamfol.

Watannin baya ina neman guntuwar waya don wani aiki, na yanko daga wayar inkoda ta moton da ya kwasa. Da na feɗe robar, daidai inda take lanƙwasawa in wuƙa ta yi tafiya, na ga silin ciki ɗaya ya karye, bakunan suna taɓa juna kawai. In sun rabu, kwamfuta ba ta jin ƙirge, sai ta ɗauka moton bai motsa ba ta ƙara masa wuta. Na sha auna wayar nan da mita, amma kullum tana kwance nake aunawa, ban taɓa lanƙwasa ta ba.

Na kai wa Yaya gona na nuna masa. Ya ajiye fartanya ya karɓa, ya kai ta kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wannan ce?"

Na ce ita ce.

Ya miƙo mini, ya ce in na koma gari in biya in gaya wa Inna ba zai dawo cin abincin rana ba, yana so ya ƙarasa kunyar da ya fara.