Wandona a Hannun Ƙanena

Ranar Talata ce da hantsi, bayan ƙaramar Sallah. Mu uku ne a ɗakin likita: ni, da ƙanena, da likitan da ya yi masa aiki, wani mutumin Filato mai magana a hankali.

Ƙanena tela ne a Unguwar Sanusi, bai daɗe da haura talatin ba. Ya jima yana ganin jini in ya zaga, yana cewa basir ne. Duk motar mai magani da ta kafa lasifika a Gonin Gora sai da ya sayi jarkarta. Sai da ya rame, zama a kan keken ɗinki ya gagare shi, sannan aka kai shi asibiti. Aka ce ciwon daji ne a dubura. Aka yanke wurin, aka buɗe masa hanya a gefen ciki, aka maƙala jakar tara bayan gida.

A ranar mun je a duba ɗinki ne. Da likita ya gama, ya juyo gare ni.

"Malam, in wannan ciwo ya kama mai ƙananan shekaru, mukan so mu duba waɗanda suke ciki ɗaya da shi. Za mu sa siririn bututu mai kyamara ta ƙasa, mu ga hanji."

Na ce, "Ta ƙasa."

Ya ce, "Ta ƙasa."

Aikina karanta labarai ne a rediyo. Na karanta labarin gobara da na haɗarin mota muryata ba ta yi rawa ba. Amma a nan sai na kama kallon silifas ɗin ƙanena. Tun da aka fara jinyarsa ban taɓa ambatar sunan wurin a gabansa ba. Ni yayansa ne, akwai kunya. Na ce wa likita zan duba lokaci.

Na yi ta duba lokaci har damina ta sauka. Wata rana na biya shagon ƙanena, na tarar da shi yana ɗinka wa jakarsa riga da ragowar shadda. Bai ɗago ba.

"Yaya, lokacin bai samu ba?"

"Aiki ya yi yawa."

"Ni dai nawa duk asibiti sun gani, har ɗalibai sun yi karatu a kai. Naka na zinariya ne?"

"Kai, ka ji tsoron Allah."

"Shi nake ji. Kunyar nan ce ta kai ni ga wannan." Ya buga gefen cikinsa. "In ka bi sawuna, wa zai riƙe mana yara, nawa da naka?"

Na karɓi rana. A wurin aiki na ce zan je gaisuwa. Jajibirin ranar na sha maganin wanke ciki, na wuni tsakanin ɗaki da banɗaki, yara suna tambayar uwarsu me Baba ya ci.

Ƙanena ya dage sai ya raka ni. Aka ba ni rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Na tuɓe, na miƙa masa kayana da hula, ya zauna a benci ya rungume su.

Nas ɗin da ta karɓe ni 'yar kudancin Kaduna ce, ga sarƙar gicciye a wuyanta. Ta tambayi shekaruna, na amsa. Sai ta tsaya.

"Oga, sake magana."

Na sake.

"Kai ne mai labaran rana! Babana ba ya taɓa abinci sai ya ji ka. Sista, zo ki ga mai muryar nan!"

Ina tsaye, hannu ɗaya a baya ina haɗa bakin riga. Ban taɓa jin nauyin muryata kamar ranar ba. Na ce mata ina zuwa, na fita baranda wurin ƙanena.

"Ba ni wandona."

Ya ƙara matse shi a hammata. "An gama?"

"Sun gane ni."

"To, sai me? Gobe ma kai za ka karanta labarai, ba wurin ba."

"Ba ni, na ce."

"Wallahi, Yaya, sai dai ka fita titi ka hau keke-napep a haka."

Mutanen da ke benci suka fara kallonmu. Na duba wuyan hannunsa, ya zama kamar kara. Da na fizga, da na karɓa. Na juya na koma ciki.

Nas ɗin ba ta sake zancen rediyo ba. Ta ce in kwanta ta hagu, in naɗe gwiwa, ta rufa mini zane har inda ya kamata. Na zuba wa bango ido har allurar barci ta ɗauke ni.

An sami ɗan tsiro a hanjina, aka cire shi nan take. Likita ya ce bai zama daji ba tukuna, amma irinsa ne ke zama. Ƙanena kuwa ciwon ya dawo masa ta hanta, ya rasu kafin damina ta zagayo. Yaransa suna gidana.