Janaretan Lasifika

Mai kemis ɗin bakin titi ba ta iya magana a hankali ba, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Kunnenta ɗaya ya mutu tun tana yarinya, ɗayan ma sai an matso. In ta buɗe baki, har masu faci a tsallaken titi sai sun ji. Lasifika ake ce mata, tana amsawa. Dattijo zai raɗa mata damuwarsa, ita kuwa ta ce, "Basir ɗin ne ya dawo, Baba? Ai na ce ka rage yaji." Mutane su yi ta mita, gobe su dawo, don ba ta sayar da jabun magani, abin da ya fi ƙarfinta kuma asibiti take kora mutum.

Akwai wata tela a layin da aka yi wa aiki wajen haihuwar fari. Likita ya gargaɗe ta kada ta ɗauki wani cikin sai ɗinkin mahaifa ya yi ƙwari, in ba haka ba zai iya ɓarkewa ya tafi da ita. Tela ce, ta san abin da ke faruwa in aka ja sabon ɗinki. Amma raino da keken ɗinki suka sha kanta, lokacin allurarta ta tazarar haihuwa ya wuce ba ta koma ba. Mijinta, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya. Sai da gari ya waye ta tuna. Shi da kansa ya ce ta yi maza ta je kemis, akwai ƙwayar da ake sha bayan an riga an sadu.

Ta goya yaro ta tafi. Tana shiga ta tarar da uwar mijinta a kan benci, tana jiran maganin gwiwa. Matar da kullum sai ta tambayi yaushe za a yi wa jikanta ƙani.

"Yaron ne ba lafiya?"

"A'a, Inna, lafiyarsa ƙalau."

Tela ta tsaya gaban kantar. In ta faɗa, Lasifika za ta maimaita wa titi gaba ɗaya. In ta juya gida, lokaci na tafiya, ƙwayar kuma ba ta son jinkiri. Ta soma maganar, ta haɗiye. Sai ta lura Lasifika ba idonta take kallo ba, bakinta take kallo. Lasifika ta taɓa nata leɓen da yatsa, alamar a sake. Tela ta motsa baki, ba murya.

"Ke tela, gara da kika kawo kanki," in ji Lasifika da ƙarfi. "Rigar da kika ɗinka min, hannu ne ko bututun ruwa? Shigo ki gani. Yaya, riƙe jikanki."

Ta wuce da ita ta baya, ta fizgi igiyar janareta, alhali akwai wuta, fanka na ta juyawa. Ƙara ta cika shagon. A ɗakin ajiya, tsakanin kwalaye, muryar nan da ke tsallake titi ba ta ko kai bakin ƙofa. Ta tambayi yaushe abin ya faru, yaushe rabonta da al'ada, wane magani take sha. Amsoshin duk a leɓe ta karanta su. Ta ɓare ƙwaya ɗaya, ta miƙa da ruwa.

"Wannan ba ta fitar da cikin da ya riga ya shiga, hana shi shiga take yi. In kika yi amai nan kusa, ki dawo. In al'ada ta makara, ki je a gwada ki. Kuma ba ta kullum ba ce, 'yar nan. Gobe asibiti, ki koma kan allurarki."

Ta kashe inji, suka fito tana ta faɗan hannun riga.

A hanyar gida Inna na tafe tana ɗingisawa. Can ta ce, "Injinta na da ya fi wannan ƙara."

Tela ta juya ta dube ta.

"Bayan autana aka tada min shi. Ba wanda ya sani har yau, sai ke." Ta gyara wa yaron hula. "Ƙanin ya jira."

Daga ranar tela ta soma kasa kunne daga shagonta. Janareta zai tashi da rana tsaka ana da wuta, ya yi ɗan jim ya mutu. Shekara da shekaru haka. Titi ya san mai basir, ya san mai tsutsar ciki, amma ba a taɓa jin sunan mace ɗaya da ta shiga ɗakin nan ba.

Da tsufa ya kama Lasifika, ta bar wa 'yar ƙanwarta shagon. Yarinyar ta sa sola, ta kira mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya ɗauke janaretan. Tela na wurin lokacin da tsohuwar ta tare ƙofa da sandarta, masu faci ma sun ji:

"Ku bar min injin nan, ku riƙa zuba masa mai. Duk macen da ta tsaya gaban kantar nan maganarta ta maƙale, kada ku ce ta ɗaga murya. Ku ja igiya, ku shiga da ita ciki."