Ɗigon Jan Fenti a Ƙofar Direba

Ni mutumin Damagaram ne, walda na koya wajen kawuna tun ina saurayi. Na zo Arlit neman aiki a kamfanin ma'adinai, ban samu shiga ba, sai na buɗe ɗan garaji a bakin kasuwa. Talaka ne ni, amma ba wanda ya taɓa maido mini aiki. Na auri Rabi, muka haifi 'ya ɗaya, Nana, muna cin abin da Allah ya hore.

Da aka fara tonon zinari a Cibarakaten, kowa ya koma neman ƙaramar motar jigilar ruwa da kaya. Na shiga sayo 'yan akori-kura da ƙananan bas na Japan daga Kotonu ina sayarwa. Motoci ne masu ƙarko, ba su shan mai, sai dai sitiyarinsu a dama yake. Direbobinmu ba su son haka, don in za ka wuce babbar mota ba ka ganin abin da ke tahowa. Saboda haka sai na juya sitiyarin zuwa hagu kafin in sayar.

Juyi na gaskiya sai an aika an sayo ƙarafan da suka dace, a jira su makonni. Da fari haka nake yi. Wata rana mai saye ya matsa mini lamba, kayan ba su iso ba, sai na yanke sandar sitiyarin, na ƙara mata guntun ƙarfe, na yi walda, na shafe da baƙin mai. Na ce wa kaina sau ɗaya ne kawai. Motar ta je lafiya ta dawo lafiya, ni kuwa na ɗanɗana riba na ji daɗinta. Daga nan ban sake aikawa Kotonu neman ƙarfe ba.

Na san abin da nake yi, kada wani ya ce kuskure ne. Duk motar da na yi wa wannan ha'inci, ina ɗiga mata jan fenti kamar ƙwayar gyaɗa a ƙasan ƙofar direba. Na ce wa Rabi duk motar da ta ga ɗigon nan, ko kyauta ce kada ta shiga.

Ta dube ni ta ce, "Baban Nana, to matan wasu fa?"

Na ce ta ji da tukunyarta. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Akwai Iliya, wani Kirista mutumin Maraɗi, da aikinsa ya ƙare lokacin da aka rufe ramin ma'adinan da yake aiki a ciki. Da kuɗin sallamarsa ya zo sayen ƙaramar bas. Ya ce, "Malam, ni ban san mota ba, kai ne idona." Na ce ya kwantar da hankalinsa, na miƙa masa mabuɗin ɗaya daga cikin masu ɗigo. Mutumin nan ya so motarsa kamar me. Ya kai ta aka yi mata shuɗin fenti sabo fil, aka rubuta sunan matarsa a baya. Ni da wayona duka, ban taɓa tuna cewa mai sabuwar mota fenti yake fara yi ba.

Ƙanwar Rabi ta haihu a Cirozerin, Rabi ta shirya zuwa suna. A tasha, motar Iliya ce ke lodi. Wata mata da ta tsira ta faɗa mini daga baya cewa ta ga Rabi ta duƙa tana duba ƙasan ƙofar direba kafin ta shiga. A inda kwalta ta farfashe, waldata ta karye, motar ta ƙwace ta yi ta juyawa. Rabi ta rasu nan take, Iliya ya cika a hanyar asibiti, da wani dattijo da ko sunansa ban sani ba.

Jandarmomi ba su wahala ba, ni na kai kaina. Na faɗa wa alƙali komai, har da ɗigon. Na yi shekaru a gidan kaso, amma wallahi ba ɗaurin ne ya karya ni ba. Kullum ina ganin matata a duƙe tana bin umarnina. Da na fito, Nana ta girma a hannun innarta, ƙanwar Rabi. Ta gaishe ni a tsaye kamar baƙo, ban kuwa ga laifinta ba. Na je neman gafarar matar Iliya, aka ce ta koma Maraɗi da 'ya'yanta.

Na tuba, ina roƙon Allah ya yafe mini. Yanzu tasha-tasha nake bi ina neman motocin da na sayar, in na samu in kwance waldar in sa ƙarfe na gaskiya.

Ku samari masu koyon sana'a, ku ji da kunnen basira. Ranar da kuka yi aikin da ba za ku yarda naku ya hau ba, ku ajiye kayan aikin ku tafi gida. Kada ku ce sau ɗaya ne, ni ma haka na ce. Motoci biyu har yau ban gano inda suke ba, kuma na san suna kan hanya ɗauke da mutane.