Gidaje Uku a Kan Allo

Da za a dawo mini da shekarun da na yi ina koyar da Turanci a firamare, abu na farko da zan yi shi ne in ɗauki tsumma in goge gidajen nan uku da nake zanawa a kan allo. Ban goge su ba lokacin da ya kamata, ga shi sun biyo ni har cikin gidana a Kwarbai.

Karatuna bai yi nisa ba. Na bar kwalejin horon malamai ban ci jarrabawar fita ba, aka ɗauke ni aiki don ana ƙarancin malamai, aka ɗora mini Turanci don mai koyar da shi ya koma ofis. Ina jin Turancin sama-sama. Abu ɗaya na riƙe da kyau daga kwaleji, shi ne a jimlar Turanci kowace kalma da mazauninta. Mai yin aiki ne a gaba, sai aikin, sai abin da aikin ya faɗa wa. Kalmar da ke siffanta abu kuwa gabansa take shiga. Mu muna cewa farar akuya, muna cewa akuya fara, su hanya ɗaya ce ba ta biyu.

Da wannan ɗan sanin na ci abinci. In raba allo gida uku da alli. Gidan farko in cika shi da sunaye, na tsakiya da kalmomin aiki, na ƙarshe da wasu sunayen. Yaro ya ɗauko kalma ɗaya daga kowane gida, ya jera, ya faɗa da ƙarfi, aji ya amsa. Ni kuma ina buga tsumagiya a kan tebur suna bin kiɗan. Mai wucewa ta bayan taga sai ya rantse 'ya'yan Turawa ne a ciki. Iyaye suna tare ni a hanyar masallaci suna sa mini albarka.

Ma'ana ce ban taɓa koya musu ba. Kalmomin daga littafi nake kwafo su, da yawansu ni kaina ban san su ba, kuma na san in na buɗe ƙofar tambaya za a kai ni inda zan ji kunya.

A ajin akwai ɗan wani manomi daga ƙauyukan bayan Kufena, yana zaune wurin kawunsa a cikin birni. Wata rana wata yarinya ta jera, “The goat reads the farmer.” Na ce da kyau, tunda kowace kalma tana gidanta. Sai yaron nan ya ɗaga hannu.

“Malam, akuya tana karatu ne?”

Aji ya fashe da dariya. Shi kaɗai ya gane abin da aka faɗa, akuya tana karanta manomi, ni kuwa na ji kamar ya tuɓe mini hula a kasuwa.

“Wa ya tambaye ka abin da akuya take yi? Gidanta aka tambaye ka, baƙauye. Fita ka durƙusa!”

Ya durƙusa a rana har aka tashi. Daga ranar bai sake tambaya ba. Ya zama gwanin jerawa, na naɗa shi monita, har ina misali da shi.

Na yi ritaya, na manta da shi. Yanzu ina da jika mace a gidan nan, 'yar ɗana na fari, mai surutu kamar rediyo. Tun da ta buɗe baki take tambaya. Me ya sa ganuwa ta rushe ba a gyara ba, me ya sa gemuna ya yi fari kaina bai yi ba. Wasan kaka da jika muke yi, ina ce mata uwargida, tana ce mini tsoho mai rowa. Ubanta ya sa ta wata makarantar kuɗi a Kusfa, wadda kowa ke yabo wai yaranta suna zuba Turanci.

Wata rana ta dawo ba ta tsokane ni ba. Ta wuce ni a zaure kanta a ƙasa, gwiwoyinta duk ƙasa, ɗaya har ta ɗan kurje.

“Uwargida, yau ba gaisuwa? Ko kin yi sabon miji a makaranta?”

Ta shige cikin gida. Uwarta ce ta gaya mini an sa ta durƙuso ne don ta yi tambaya a darasin Turanci.

Da safe na sa rigata na tafi makarantar. Tun daga lungu na jiyo su. Kiɗan nan ne, bugun tsumagiya a kan tebur, muryoyin yara suna hawa suna sauka daidai yadda na tsara shi da bakina.

Mai makarantar shi ne yake koyar da ajin da kansa. Yana ganina ya cire takalmi ya durƙusa har ƙasa. Ya yi ƙiba, ya yi furfura, amma idon bai canja ba. Ɗan manomin nan ne.

“Malam! Yau Malam ne da kansa? Yara, ku tashi ku gai da malamin malaminku. Duk abin da kuka iya, daga wurinsa ya fito.”

Allon ya zama fari, an daina alli an koma alƙalamin maka, amma ga gidajen nan uku reras. A ƙasa an jera jimlar ranar: “The river cooks the tailor.” Ya miƙo mini tsumagiya da hannu biyu, wai in yi musu ko sau ɗaya don albarka.

Na ajiye ta a kan tebur. Na ce da Hausa, “Wa zai gaya mini abin da wannan maganar take nufi?”

Suka zuba wa malaminsu ido, don a makarantar hukunta mai yin Hausa ake yi. Na dubi jikata. Na ga bakinta ya motsa, na san ta san kogi ba ya dafa tela. Sai ta dubi gwiwarta, ta cusa hannuwanta a ƙarƙashin benci.

Na ja malamin waje, gindin wata darbejiya.

“Ka tuna ranar da na sa ka durƙuso a kan akuya?”

“Ina zan manta, Malam? Ai durƙuson nan ne ya mai da ni mutum.”

“Kai ne mai gaskiya ranar nan. Ni ban san rabin kalmomin da ke allon ba, tsoron tambayarka nake yi. Jeri gaskiya ne, haka Turanci yake tafiya. Amma ana jera kalma ne don a faɗi wani abu.”

Ya yi dariya, irin ta ladabi. “Malam ke nan, har yanzu da tawali'u. Ai kai ka ce mana ma'ana daga baya take zuwa.”

“Kai ta zo maka?”

Ya sosa ƙeya. “Malam, iyaye abin da suke so su ji ke nan in sun wuce ta taga. Ranar da na tsaya fassara, cewa za su yi Hausa nake koyarwa, su kwashe 'ya'yansu. Yarinyar nan da na sa durƙuso jiya jikarka ce ashe? Wallahi da na sani da ban taɓa ta ba.”

Wannan ta fi komai tayar mini da zuciya. Sauran 'ya'yan mutane fa? Amma da wane baki zan zage shi? Ni na ƙera shi, da hannuna, a tsakar rana.

Na roƙi ɗana ya canja mata makaranta. Ya ce, “Baba, duk unguwar nan ba inda ake Turanci kamar can. Kuma ai tsarinka ne.”

Abin da ya rage mini shi ne zaure. Bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma in kira ta da littafinta. Na ce mata nan ba a jera komai sai an san abin da ake so a faɗa. Ta faɗi magana da Hausa, mu nemo kalmomin, sannan mu ba kowace mazauninta. Ta daɗe tana yin abin da na ce kawai, ba tambaya, tana satar kallon hannuna ko da tsumagiya. Sai wata rana ta ɗora yatsa a kan wata doguwar kalma.

“Tsoho, wannan fa me take nufi?”

Na duba, na sake dubawa. Na ce, “Ban sani ba.” Duk shekarun da na yi a aji ban taɓa furta wannan ba.

“Au! Malamin malamai guda?”

“Tashi mu je mu tambayi maƙwabci, uwar iyayi.”

Muka tafi wurin Alhajin da ke jikin gidanmu, tsohon ma'aikacin asibiti, ya gaya mana, muka dawo tana yi mini dariya har gida. A zaure bakinta ya dawo. A makaranta kuwa, ta gaya mini da kanta, har yau ba ta ɗaga hannu.

Ku da Allah ya ɗora wa koyar da 'ya'yan mutane, ina roƙonku, kada ku yi irin nawa. Ku koya musu wace kalma ke gaba, wace ke baya, amma in yaro ya tambaye ku ko akuya tana karatu, ku bar shi a kan bencinsa ku ba shi amsa.